Idon Daruma na Biyu

Florida, Disamba 1977

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ciwon gwiwa? Yaya ƙanwata Fumie da jaririnta?

Lafiyata ƙalau. Na ɗan rame, don burodin mutanen nan ba ya riƙe ciki kamar shinkafarki, amma kada ki damu.

Mama, tauraron sadarwarmu ya tashi! Ƙasa ta girgiza, wuta ta haske teku. Shugabanmu Kuroki, wanda bai taɓa murmushi ba, sai ga shi yana hawaye. Ya ɗauko jan gunkin daruma da kika sa mini a jaka, mai ido ɗaya da aka zana ranar ƙulla buri, ya miƙo mini alƙalami.

"Tsuneo, buri ya cika, zana masa ɗaya idon."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tukuna."

"Kai, taurin kan mutanen tsibiri!"

Bai san cewa ranar da Baba ya yanke jiki ya faɗi babu wayar kiran likita a tsibirinmu ba, jirgin ruwa kuma sai bayan kwana shida.

Ki turo mini busasshen kifi. Daruma zan aiko miki. Ranar da tauraron nan ya kawo miki muryata ta waya a tsibirinmu, ke za ki zana idon.

Ɗanki,
Tsuneo