Baba da Labarin Manyan Gidajen Roma

Zuru, Jihar Kebbi.

Zuwa ga Yaya Haggai,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Rachel da yara a can Fatakwal. Ubangiji ya tsare ka a bakin aiki. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta soma zuwa kasuwa, dawa kuma ta yi kyau bana.

Na rubuto ne don hankalinka ya kwanta game da rigimar ƙungiyar manoma ta ƙauyenmu Manga. Ka san tun zamanin Kaka shugabancinta bai taɓa fita daga gidanmu ba. Bana samari suka ce ko a dama da su, ko su daina fita gayya su kafa tasu. Baba ya kafe, ya ce yana raye ba za a raba shi da gadon ubansa ba. Wasu suka daina gaishe shi a hanya, jininsa ya hau, ga girbi ya matso.

Ana cikin haka ƙanwarmu Magdalene ta zo hutu daga jami'a. Muna ɓarar gyaɗa, Baba ya tambaye ta abin da suke koyo a tarihin nan. Ta ce labarin Romawa, waɗanda yake jin sunansu a coci. Wai a can da, manyan gidaje ƙalilan ne suka riƙe majalisar dattawa da shari'a da aikin firistoci, ɗa ya gaji uba, talaka kuwa sai zuwa yaƙi. Da tura ta kai bango, talakawa suka fice daga birni suka tare a kan wani tudu, suka ce manya su je yaƙin da kansu. Dole aka bi su da lallashi, aka ba su wakilai masu kare su, daga baya har babbar kujera. Duk da haka gidajen ba su rasa darajarsu ba.

Yaya, na zaci zai kore ta. Ya ce wato habaici take masa, ta ce darasinta ne kawai. Sai ya tambaye ta wa ya nome gonakin da talakawan suka bari. Ta ce malaminsu bai faɗa ba. Ya ce ba sai malami ya faɗa ba, ciyawa ce ta cinye su.

Ranar Lahadi bayan sujada ya tara mutane, ya ce a yi zaɓe. Samari suka ba Godswill, ɗan maƙwabcinmu, muƙamin mataimaki, amma suka ce Baba ya ci gaba da zama a kujerarsa. Ashe durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Jiya suka fito gayya da kiɗa, da gonarmu suka fara.

Mama da Magdalene suna gaishe ku. A shafa mini kan 'yarku Goodness. Baba ya ce kada ka nemi hutu saboda shi, yanzu yana barci har da minshari.

Ƙanwarka,
Beatrice