Kwalin da Na Daɗe Ina Roƙo

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya ciwon bayan nan, ko zaman mota bai bar shi ya lafa ba? Mu nan ƙalau muke. Ka yi haƙuri da rubutuna, hannun da ya koyi riƙe biro a ajin yamma bayan furfura ba ya sauri.

Maganar 'yarka ce, amaryata. Ka san abin da ya sami kamfanin kantunan da take wa aiki, yadda manyansu suka yi ta shelar ribar da babu ita har asiri ya tonu aka sallame su. Sai yanzu na gane wani abu. Na daɗe ina roƙon ta kwali ɗaya na zuba littattafaina, kullum ta ce an hana. Ashe kwalayen da aka kwashe kayansu liƙe su ake yi da salatif, a jera a sito har rufi, masu duba kaya su ɗauka cike suke.

To, sabuwar shugabar kamfanin za ta zo duba reshensu. Manajansu, abokinka da ya ɗauke ta aiki saboda kai, ya ce a liƙe kwalaye kamar yadda aka saba. Ta ce ita ba za ta liƙe ba, tunda an tara su an ce an daina. Ya ce ta zauna gida sai ya neme ta.

Tana nan zaune, ta goge rigar aikinta ta rataye a bayan ƙofa. Mahaifiyarka ta matsa mata ta je ta ba shi haƙuri kada aikin ya tafi. Kada ka kira abokinka tukuna.

Kowa yana gaishe ka.

Mahaifinka.

Zuwa ga ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya hanya, yaya bayan? Idan ka ga layukan nan sun karkace, murna ce, ba tsufa ba.

Amaryata ta koma aiki! Abokan aikinta ne suka fara. Da ta tafi, mai jera kaya ta ajiye salatif ta ce hannunta na ciwo. Mai gadi ya ce shi ƙofa aka ba shi. Har direbansu ya ce bayansa na ciwo, ka ji ɗan'uwanka. Manaja ya liƙe 'yan kaɗan shi kaɗai, ya tsaya ya dube su, ya farke.

Haka shugabar ta tarar da siton, rabinsa wayam, abokinka na gumi yana jiran sallama. Wai ta daɗe tana kallo, sannan ta ce duk rassan da ta zaga, nan ne kawai ta ga launin bangon sito. Ta zauna a kan buhu ta tambaye shi abin da ya ƙare da dalilin ƙarewarsa. Yanzu a taronsu na safe, abin da ya lalace ake fara faɗa kafin a yi tafi.

Abokinka da kansa ya zo gidan nan jiya da yamma, ya durƙusa ya gaishe ni, kunya ta hana shi ɗaga kai. Ya ce amaryata ta koma aiki, kuma ta yafe masa. Na ce ni ne mijin, ni za a tambaya, kuma ban yarda ba sai an biya ni. Ya fita, sai ga shi da kwalaye niƙi-niƙi daga bayan motarsa. Mahaifiyarka, wadda ta ce a ba da haƙuri, ita ta fara zaɓar babba, kazarta na kwanci a ciki yanzu. Littattafaina ma sun sami ɗaki.

Da safen nan yarinyar ta saka rigarta ta fita. Na raka ta har bakin titi da sandata, ina gaya wa duk wanda muka gamu da shi jikar wane ne. Ta ce na bar ba ta kunya. Ban bari ba.

Yanzu kana iya kiran abokinka, kuma kada ka yi masa faɗa.

Saƙon da ke tare da wasiƙar nan a ɗaya daga cikin kwalayen na sa shi: bargo, man shafawa na baya, da safar da mahaifiyarka ta saƙa. Ni na liƙe shi da hannuna. Ɗaga ka ji, da nauyinsa.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Mahaifinka mai alfahari da ku.