Motar Batir da Jakin Iya

Damazin, watan Muharram 1974

Zuwa ga Yaya Audi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya iyali, ya aikin auduga? Iya tana gaishe ka.

Albishirinka, na sayi mota. 'Yar ƙarama ce mai kujera biyu, irin wadda Turawan madatsar ruwa suke zagaya wurin aiki da ita. Ba ta shan binzin, wato man fetur, batir gare ta. Yanzu da direbobi ke kwana a layin mai, ni sai dai in ɗaga musu hannu in wuce. Abdussalami dillali ne ya sayar mini. Na ba shi jakin Iya da amalankensa, na cika da ɗan abin da na tara. Da ita zan riƙa kai Iya asibiti a cikin gari.

Ƙanenka,
Sodangi

Wad Madani

Sodangi,

Bayan gaisuwa, na karanta takardarka, na sake karantawa, ban ga inda albishir yake ba. Ƙauyenmu fitilar kananzir ake kunnawa, to ina motar za ta sha wuta? Abdussalamin da na sani bai taɓa rabuwa da abu mai lafiya ba. In tana da kyau, me ya hana shi hawa? Kuma jakin nan Iya ce ta rene shi da hannunta. Faɗa mini gaskiya, ta yarda, ko kai da shi kuka ƙulla?

Ka gaishe ta.
Audi

Damazin

Yaya Audi,

Gaisuwa da ladabi. Wallahi maganarka ta yi mini zafi, ban ƙulla komai da kowa ba. Ai ka san wayoyin nan na madatsa da suka ratsa ta kan gonarmu. Abdussalami ya ce kafin damina za a sauke mana wuta daga jikinsu. Na je ofis na tambaya, suka yi mini dariya, wai waɗannan Khartoum suka nufa, ba sa tsayawa ƙauye.

Yanzu a injin niƙansa na cikin gari nake ba ta wuta, ta kwana tana sha, ina biya. Tana kai ni gida lafiya, amma a dawowa rabin hanya take mutuwa. Sai in aika ya ba ni hayar jakin, ya ja ta. Ga ruwan batir kuma, shi ma wurinsa ake samu.

Naka mai biyayya,
Sodangi

Wad Madani

Sodangi,

Sallama. Wato jaki nasa, wuta tasa, ruwa nasa, har hayar jakin uwarka kake biya. Kai kuma me ya rage maka, sitiyari? Ban yarda wauta ce kaɗai ba. Ina zargin don 'yan matan Damazin su gan ka ka yi, ka laƙaba wa asibiti. Da an gama tsinkar auduga zan zo, ni da kai da shi mu zauna gaban mai gari.

Audi

Daga Iya, da hannun Malam Mahmud liman

Ɗana Audi,

Allah shi yi maka albarka. An karanta mini takardunka duka. Ni na ce a ba da jakin, don bayana ya daina ɗaukar girgizar amalanke, in na sauka sai an tallabe ni. Jiya Sodangi ya kwance batiran ya kai wa Abdussalami, ya fanso jakin. Motar ta yi sauƙi, mun ɗaura masa ita, yana ja, ina zaune kan kujera mai laushi. Yara na dariya, ni dai na isa asibiti ban yi kuka ba.

Ka tambayi wuta, ka tambayi jaki, ka tambayi Abdussalami. Ina ta jira in ji ka tambayi mi ke kai ni asibiti.

Ka gaida iyali.
Iyarka