Gaisuwar Juma'ar da Ban Gyara Ba

Ɗanbatta, Litinin.

Zuwa ga Yaya Larai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya, ke da Muhsina da ƙannenta. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Malam Isyaku, ya sa ya huta.

Da biro nake rubuta wannan, don kunya ta hana ni taɓa waya. Muhsina ta faɗa mini abin da ya faru ranar Juma'a. Ta ce matan unguwa suna ɗakinki sun zo gaisuwar takaba, saƙona ya shigo wayarta, kika ce ta karanta a fili kamar kullum, a ji ƙaninki malamin gona. Ta karanta har inda na tambayi mai gida, na ce da fatan ƙafar ta yi sauƙi, a gaishe shi. Mutumin da da hannuna aka saka shi a kabari sati uku da suka wuce! Ta ce sai kika juyar da fuska bango.

Yaya, hankalina ƙalau, kuma ba wasa na yi da mutuwa ba. Gaskiyar ta fi haka muni. A ofis an ba mu kwamfutar hannu da manhajar rubutu. Cikinta akwai shafukan da aka riga aka tsara, kamar akwatin buga bulo: ka buɗe, ka cike gurbi, aiki ya fito iri ɗaya. Da su muke rubuta rahoton gona, ga gurbin sunan manomi, ga na shuka, ga na ƙwari. Da na ƙware sai na fara tsara nawa. Wata rana dabara ta zo mini, na tsara shafin gaisuwar Juma'a, kowane gida da nasa, da sunayen mutanen gidan a jere. Juma'a na yi sai in buɗe, in canza kwanan wata, in kwafa in tura. Ranar nan ina tsaye cikin gyaɗar wani manomi, ana shirin tafiya masallaci, na tura na gidanki ban ko kalle shi ba.

Ke kika goya ni bayan rasuwar Inna. Idan kika ce kada in ƙara zuwa, ban san ƙofar da zan nufa ba. Ki yafe mini don Allah.

Ki gaida yara. Naki ƙani,
Zubair

Ɗanbatta, Laraba.

Yaya Larai,

Salamun alaikum. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, kuma ciwon kan da Muhsina ta ce yana damunki ya lafa. Ya ruwa a wajenku? Mu nan an yi kwana shida babu ko ɗigo.

Kwana tara ke nan ban ji daga gare ki ba, sai abin da na tatsa a bakin Muhsina. Ta ce bayan an karanta miki wasiƙata kin sa ta koma baya, ta karanto tsofaffin gaisuwar ɗaya bayan ɗaya, har kika ɗaga mata hannu a ta goma sha biyu. Ta ce ba ki yi faɗa ba. Kin dai ce ashe shekara biyu na'ura ce ke kewarki, ki na ta sa mata albarka, kuma a gaya mini in huta da turawa.

Na so in kāre kaina, sai na buɗe shafin don neman hujja, na ga babu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ina gyara shafin fa, Yaya. Damina ta shigo, na sa ya ruwa. Da aka fara yankan gero na mai da shi ya aikin kaka. Da azumi na sa ya ibada. Har abokin aikina Kamaruddeen na zaunar na koya masa, ina hura hanci wai ni gwanin zumuncin zamani, shi kuwa yana dariya yana cewa saura in tsara na zuwa biki. Na kula da gero, na kula da gajimare. Amma layin ƙafar Malam tun bara na rubuta shi, lokacin da ciwon sukari ya fara taɓa masa yatsa, ban sake duba shi ba. Wata goma sha ɗaya ina fatan ƙafar ta yi sauƙi, ita kuwa tana cinye shi, ni kuma ina wuce mararrabar garinku a babur sau biyu a sati.

Na goge shafukan sauran dangi duka. Naki ne na kasa, ban kuma san dalili ba.

Allah ya ba ki lafiya. Ƙaninki mai kunya,
Zubair

Ɗanbatta, Asabar.

Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kin wuni lafiya, da Muhsina da kowa na gidan. Allah ya ƙara miki haƙuri.

Akwai abin da ban faɗa ba, don ni ma sai jiya na sani. Duk Juma'ar da na tura gaisuwa, saƙon murya yana dawowa daga wayar Muhsina. Na ɗauka amin da godiya ne kawai, sai in ce zan saurara idan na sauka daga aiki. Jiya bayan masallaci na zauna gindin darbejiyar ofis na ƙirga waɗanda ban taɓa buɗewa ba, talatin da ɗaya. Na saurare su duka.

Yawanci muryarki ce. Kina gaya mini an canza magani, an kai shi Kano, an dawo, ya daina taka ƙafar. Sau biyu kin ce in samu lokaci in leƙo, yana son ganina.

Na watan jiya kuwa Malam ne da kansa. Muryarsa ta yi ƙasa, amma yana dariya. Ya ce a gaya wa Zubairu ƙafa dai sai addu'a. Ya ce 'yan'uwa sun gaji da tambaya, kuma bai ga laifinsu ba, amma ni ko Juma'a ɗaya ban taɓa mantawa da shi ba. Sannan ya sa mini albarka, doguwa, ana jin kina cewa amin daga gefe. Na kife fuska a gwiwa na yi kuka, masu wucewa suna kallona.

Ya tafi yana yi mini kyakkyawan zato, kuma ba ni da hanyar gyara wannan. Albarkar ba tawa ba ce, na sani. Amma wannan muryar ta Malam hakkinki ce, minti biyu da rabi, kuma Muhsina ta ce ta ɓace daga wayarta tun da aka yi mata gyara.

Gobe da hantsi zan kawo miki. Idan ba ki son ganina, zan miƙa wa Muhsina wayar daga zaure, ki saurara sau nawa kike so. Ni zan zauna a dakali har sai kin aiko a ce in shigo, ko in tafi.

Naki har kullum,
Zubair