Takardar Da Ba Zan Sa Wa Hannu Ba

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Inna? Ka gaishe mini da mai ɗakina da yara.

Kamar yadda kuka sani, shekara tara ke nan ina gidan yari a ƙasar nan, bisa zargin ƙona rumbun katakon da na yi wa gadi shekara ashirin. Lafiyata ƙalau. Abinci yana isata, tun da haƙoran da suka rage ba su da yawa. Da rana ina koya wa fursunoni karatu.

Jiya lauya ya nuna mini takardar neman afuwa da kuka aiko. Na ga sa hannunku, ku bakwai, a ƙarƙashin layin da ya ce na yi nadamar laifina. Lauyan ya ce, "Baba, kai ma ka sa hannu, nan da wata biyu kana gida." Na tambaye shi wane laifin.

Alƙali bai san ni ba, na yafe masa. Amma kai, a hannuna ka girma.

Idan na ƙi, saura shekara shida, kuma na san ba lalle in tarar da Inna ba. Na ƙi. Ban ƙona rumbun nan ba, kuma ba zan bar wa jikokina sunan wanda ya ƙona shi ba.

Saboda haka ina roƙon haɗin kanku baki ɗaya: ku janye takardar nan. Allah ya yi muku albarka.

Yayanka.