Sunayen da Ke Jikin Takalma

Yonago,
Tsakiyar watan Yuni.

Zuwa ga Yayata Kazue,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Yaya Noboru da ɗiyarmu Nanoha. Ina roƙon ciwon gwiwar nan ya sassauta miki, tunda ko a Kushiro ai yanzu sanyi ya ja baya. Mu nan damina ta kankama, wanki sai ya yi tsami a igiya kafin ya bushe. Na leƙa ƙauye ranar Lahadi, Mama lafiyarta ƙalau. Na tarar da ita tana jera 'ya'yan itacen ume masu tsami a gishiri tana mita, wai ta haifi 'ya'ya mata biyu amma babu mai taya ta. Ta kunna wa marigayi Baba turare a gaban hotonsa, ta kai masa ƙararmu duka.

Yaya, ba hira ce ta sa na ɗauko biro ba. Zan rufe shafina na intanet ranar Juma'a, kuma ban san ranar sake buɗe shi ba. Na so ki ji daga bakina kafin Nanoha ta buɗe da safe ta tarar babu komai. Ke kin fi kowa sanin abin da shafin nan ya zame mata tun da ta daina iya zuwa makaranta. Ke kika gaya mini ba ta fitowa daga ɗaki sai ta warware tambayar lissafin da nake sawa kullum, sannan ta zo ta karya. Akwai yara da dama irinta masu bin shafin, amma ita nake gani a gabana duk lokacin da nake rubutawa.

Kin san an tura ni koyon aikin koyarwa a tsohuwar firamarenmu, kuma wanda aka damƙa ni hannunsa shi ne Malam Kuwabara, wanda ya koyar da ni a aji huɗu. Gashinsa ya yi fari fat amma bakinsa na nan. Ranar farko ya gabatar da ni ga sauran malamai da cewa ga uwar surutun da ta sa masa furfura, yanzu kuma an ba ta alli, kowa ya yi ta kansa. Aikin akwai daɗi, Yaya, amma ya fi ƙarfin yadda na zata. Mu tarbi yara a ƙofa, mu koyar, mu ci abincin rana tare da su, mu goge daɓe tare da su, su tafi mu zauna tsara darasin gobe. Malam ya mayar mini da tsarin darasi guda har na daina ƙirgawa, jan bironsa ya fi rubutuna yawa. Wani abokin koyona, Tokuji, har gyangyaɗi yake yi don gajiya, ya ce in na ga ya rufe ido a taron malamai kada in taɓa shi, nazari yake yi.

A cikin wannan gajiyar na yi kuskuren. Wata rana bayan shara na ga akwatunan takalman da yara ke sauyawa kafin su shiga aji, a bakin ƙofa, yara sun jera su tsaf, layi bisa layi, duk dunduniya na kallon waje. Nan take na ce ga tambayar ninkawa ta samu: layi nawa, gurbi nawa, takalmi nawa ke nan? Na ɗauki hoto, na sa a shafi, na ji daɗin dabarata. Mu da muka tashi muna ganin sunan kowane yaro rubuce a dunduniyar takalminsa, idonmu ya daina ganin rubutun. Ni farin takalmi kawai na gani. Ashe in aka buɗa hoton, sunaye na karantuwa ɗaya bayan ɗaya, ga kuma tambarin makaranta a bango.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Cikin sunayen akwai na wata yarinya da mahaifiyarta ta gudo da ita garin nan daga hannun mijin da ke dukanta, ba ta kuma so ya san inda suke. Wata maƙwabciyarsu ce ta ga hoton ta sanar da ita. Mataimakiyar shugaban makaranta, Malama Shinozaki, ta kira ni ofis. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta tambaye ni ko na tuna alkawarin da muka yi ranar farko na cewa babu abin makaranta da zai hau intanet. Na ce na tuna, na ɗauka fuskokin yara ake nufi. Ta ce ai mai neman ɗansa ba fuska kaɗai yake nema ba. Na goge hoton a gabanta, amma magana zarar bunu ce, babu wanda ya san idon da ya riga ya gani.

Mun je gidan matar da akwatin alewa, ni da Malam Kuwabara. Tsohon nan ya sunkuya a bakin ƙofarta har na ji ƙashin bayansa ya yi ƙara, saboda laifin da ba shi ya yi ba. Matar ba ta zage ni ba. Cewa ta yi yarinyar ta fara sabawa da ajin, ta yi ƙawa, ba ta so su sake kwashe kaya. Muka kamo hanyar komawa ni da Malam har tashar bas. Can ya ce tun ina ƙarama hannuna ke riga kaina tashi sama, kuma wannan hali shi zai sa in zama malamar kirki in bai kashe shi da hawan jini ba tukuna.

Yanzu ga inda aka tsaya. Ba a kore ni ba, ba a kuma ce na tsira ba. Mako mai zuwa zan yi darasin gwaji, wanda malaman makarantar za su tsaya a bayan aji tare da malamina na jami'a. Bayansa za su zauna su yanke ko za a sa mini hannu. In ba a sa ba, babu takardar shaidar koyarwa bana, sai in sake shekara, kuma ban ga da abin da zan sake ta ba. Na ajiye aikin koyarwar yamma da nake samun kuɗi da shi tunda ba a yarda mai koyon aiki ya haɗa da wani ba. Ɗan abin da tallace-tallacen shafin ke kawowa shi ke biyan wuta da waya, shi ma zai tsaya. Ga haya, ga bashin karatu na jira. Shinkafar Mama ce ke riƙe da ni. Kada ki aiko da komai, na san jirgin ruwan Yaya Noboru bai samu kifi sosai ba, kuma in kin aiko zan mayar.

Ki sani ba su ce lallai in rufe shafin ba. Malama Shinozaki ta ce shawara ta rage gare ni. Amma na zauna na duba kaina: da ba don ina neman tambayar gobe ido rufe ba, ga gajiya, ga tsoron kada masu karatu su ragu kuɗin talla ya ragu, da na tsaya na dubi hoton nan sau biyu. Taura biyu ba ta taunuwa. Yara talatin da ke gabana suna da haƙƙin samun malamar da hankalinta ke wuri ɗaya.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne yadda Nanoha za ta ɗauki zancen. Ta taɓa rubuto mini cewa duk wanda ya shiga makaranta sai ta canza shi, ta ce kada in yarda in zama irinsu. In ta ji an rufe shafin, za ta ce ga shi nan, makaranta ta cinye Inna Mitsu ita ma. Na san zai fi miki sauƙi ki ce mata aiki ne ya yi mini yawa, ko kuma hana ni aka yi. Ina roƙonki kada ki faɗi haka. Ki gaya mata ni na yi ganganci da sirrin wata yarinya, malamai kuma suka tsaya wa yarinyar, har tsoho ya sunkuya dominta. Gara ta yi fushi da ni da ta ƙara tsanar makaranta. In ta yarda ta ɗauki waya, zan kira ranar Asabar da hantsi in faɗa mata da bakina. In ba ta yarda ba, kada ki matsa mata, zan sake kira Asabar ta gaba.

Ki gaida Yaya Noboru, ki gaida surukarki Iya Tomie da fatan idonta ya yi sauƙi. Mama na gaishe ku, ba ta san komai ba tukuna, ki bar ni in gaya mata bayan an yanke. Nanoha kuwa, ki riƙe gaisuwata har sai kin ga za ta karɓa.

Taki ƙanwa,
Mitsuho