Dokin da Yayanka Ya Bari a Gefen Allo

Ƙarfi,
ta Malumfashi.

Zuwa ga ƙanena Malam Ubaidullahi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da amaryarmu Barakatu da ɗan lelena Talha. Allah Ya sauƙaƙa maka karatun nan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Ya dawo mana da ku daga Malesiya kafin mu manta kamanninku. Mu nan sai godiya. Inna tana fama da ƙafar nan tata, amma ranar da ta tashi da sauƙi har ƙofar gida take fita ta yi faɗa da awakin maƙwabta. Damina ta yi albarka, masara ta nuna, waken suya ma ba laifi, audugar ce dai tsutsa ta ɗan taɓa. An sa ranar ƙaninka Aƙilu, da zarar an gama kaka za a ɗaura, yanzu ko kiransa ka yi ba ya ji sai ka ambaci Maska, garin su yarinyar.

Na san za ka ce me ya kai Ummukulsum rubuta takarda alhali ga waya. To wayar ce ta gagara. Duk lokacin da na ɗauko maganar da zan yi maka yanzu, sai ka ce layi ba kyau, ko ka miƙa wa Talha ya gaishe ni. Ni kuwa ba yau na san ka ba, tun kana satar mini ƙosai a madafi ina amarya na san yadda kake zillewa. Shi ya sa na ba Mudi ɗan Alhaji Bature, da zai koma makarantarku, na ce ya sa maka ita a hannu, ya tsaya har ka buɗe.

Maganar 'yata Raudatu ce, da darar Turawan nan, ces, wadda kai da marigayi yayanka kuka koya a shagon Oga Chukwuma mai kayan babur a Funtua tun kuna samari. Ka san ita kaɗai ce cikin yaran ta ɗauko abin. Yanzu makarantarsu ta sa ta cikin gasa, bayan kaka za su je Katsina inda za a zaɓi waɗanda za su wakilci jiha. Oga Chukwuma, da yake tara yara a bayan shagonsa ranar Asabar, ya ce in wasa ya yi nisa bai ga sa'arta ba a duk yankin nan. Amma ba ta kaiwa can. Tun a farkon wasa ake karya ta, domin hanya ɗaya tak take buɗe wasa da ita, ta babanta, kuma kowa ya haddace ta. Chinwe 'yar Oga Chukwuma, ƙawarta ce ta ƙut da ƙut, ta ci ta a jere har ita Chinwen ta fara jin kunyar zama gabanta.

Bawan Allahn nan bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya hau babur tun daga Funtua ya zo har gida. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, Aƙilu na zaune, ya yi mana bayani da Hausarsa da ta fi tawa. Ya ce masu wasan gaske tun daga gida suke shirya buɗewa, kamar yadda ake gyaran gona kafin ruwa ya sauka: mutum ya san abin da zai yi in fararen 'ya'ya ne a hannunsa, ya san amsar da zai bayar in baƙaƙe ne, ya kuma ajiye wata hanyar ta daban saboda ranar da aka gano shi. Ya ara mata littafi mai kauri, ya zuba mata bidiyoyi a memori tunda sabis ɗinmu ba ya ja, ya kuma nuna mata wani abu a waya da ake jera masa wasa ya faɗi takun da ya fi. Ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya har ƙasa. Da na duba littafin daga baya, wuri ɗaya ne ya yi baƙi da yatsa, babin hanyar babanta. Sauran kamar ba a taɓa buɗewa ba.

Na yi faɗa, wallahi na yi. Na ce mata taurin kan gidanku ne ta kwaso duka ba ta rage wa kowa ba. Ta sunkuyar da kai ta bar ni ina ta yi ni kaɗai. Ashe ni ce ban fahimta ba.

Ubaidu, allon yayanka yana nan a ɗakinsa, a kan ɗan teburin nan na bakin taga, yadda ya bar shi. Wasan da kuke yi ta waya ne a kai, wanda kake aiko taku ɗaya shi ma ya mayar da ɗaya. A gabansa na yi takaba. Da gashin kaza nake share ƙurar, ina bi tsakanin 'ya'yan don kada in gusar da ko ɗaya, har da murfin turaren nan da ya maye gurbin sojan da ya ɓata. Ban san wasan ba, amma na san mazaunin kowanne kamar yadda na san tukwanena. Kuma ka tuna yadda yake ƙwanƙwasa ɗa a kan allo, ƙwas ƙwas, kafin ya ajiye? Raudatu haka take yi. Ba koya mata aka yi ba. Tana da nata ƙaramin allon na roba da take bita a kai a tsakar gida bayan la'asar, daidai lokacin da yake dawowa daga gona. Rannan ina tankaɗe na ji ƙwas ƙwas, ban san sanda na ajiye rariya na ɗebo ruwa a kofinsa ba. Sai da na kai ƙofar ɗakin na tsaya. Na san wanda ya tafi ba ya dawowa, na yi istigfari, na juye ruwan a gindin zogale. Amma har yau in na ji ƙarar nan sai gabana ya faɗi, kuma ba na so ta daina.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da muka yi da Barakatu da sallar nan da ta wuce. Kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata. Ta ce kai ma naka allon yana kan durowa, ka lulluɓe shi da ɗankwali, ba ka bari Talha ya je kusa. Ta ce ta taɓa tambayarka ko ta kwashe, ka ce a'a, Yaya ne bai taka ba tukuna. Da na ji haka sai da na nemi wuri na zauna, domin yayanka ya taka. A gabana ya taka.

Ranar da abin ya faru, da safe na kai masa kunu na same shi ya tasa allon a gaba. Tun jiyan yake juya abin da ka aiko, ko tuwon kirki bai ci ba. Sai na ga ya ɗauki farin doki, ƙwas ƙwas, ya kai shi can gefe ya ajiye, ya yi dariyar nan tasa ta cikin hanci. Ya ce yau Ubaidu ba zai ci abinci da daɗi ba. Ya sha rabin kunun, ya saɓa fartanya, ya sa waya a aljihu. Ka san a gidan nan saƙo ba ya fita, sai ya hau surin nan na gonar hanyar Kafur yake samun sabis, daga nan yake aiko maka kullum. Bai kai surin ba. A tsakiyar masara masu zuba taki suka same shi ya yanke jiki ya faɗi, wayar na aljihunsa. Ni duk tsawon lokacin nan na ɗauka saƙon ya isa gare ka, baƙin ciki ne ya hana ka amsawa. Kai kuma kana can kana jiran takun da aka riga aka yi.

Da na tambayi Raudatu sai ta ce ta sani. Wayar babanta na hannunta, ta ga saƙonka ne na ƙarshe, babu amsa a ƙarƙashinsa. Na ce to me ya hana ta aika maka. Ta ce wasan ba nata ba ne, kuma duk sanda ta ambaci ces a waya sai muryarka ta canja. Daga nan ne ta faɗa mini sauran, tana kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar rasuwar. Ta ce dalilin da ya sa ba ta sauya buɗewa, tana fata ne wata rana wani ya biyo hanyar da ka biyo, wasa ya zo daidai inda na kan teburin ya tsaya, ta kai dokin gefe ta ga abin da Baba ya gani. Ba wanda yake biyowa. Kowa ratsewa yake tun da wuri, ita kuma ta tsaya jiran hanyar, a cinye ta.

Na roƙi Oga Chukwuma ya shigo ya duba allon da ya sake zuwa. Ya cire takalmi a ƙofa, ya tsaya a kansa ya goya hannu a baya, na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce littattafai suna gargaɗi a kan kai doki gefe, kuma wannan takun babu shi a nasa littafin. Ya ce yana iya zama kuskure, yana kuma iya zama marigayi ya hango abin da shi bai hango ba, domin ya sha yi masa haka. Ya zaro waya ya ce abin nan zai raba gardama kafin ƙiftawar ido. Ubaidu, yarinyar nan da ba ta iya haɗa ido da babba, sai ga ta ta shiga tsakaninsa da teburin. Ta ce ya yi haƙuri, ba za ta iya jin na'ura ta ce abin da Baba ya yi na ƙarshe a duniya kuskure ne ba. Ta ce in ma kuskuren ne, wanda aka yi wa takun shi ya kamata ya faɗa. Ya mayar da wayarsa aljihu, ya ce gaskiyarta.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Ba faɗuwa gasar ce ta dame ni ba, ko da yake na san za ta yi mata ciwo, don irin wannan dama ba kullum take zuwa wa 'yar ƙauye ba. Abin da ya dame ni, yarinyar nan tana zaune a safiyar rasuwar babanta har yanzu, ba ta fito ba. Ni ma da nake faɗa ban fito ba. Ga shi Inna ta ce a kwashe kayan ɗakin a yi fenti, nan amaryar Aƙilu za ta zauna, kuma gaskiya ce, ba wani ɗakin. Tun da aka faɗi haka Raudatu ta rage cin abinci. In aka ɗaga allon nan wasa bai ƙare ba, ban san abin da zai ɗagu tare da shi ba.

Saboda haka ga roƙona. Ka nemo mata littattafan buɗe wasa masu sauƙin Turanci, masu hoton allo a kowane shafi, ka ba duk wanda zai taho. Ka rubuto mata sunayen masu koyarwa a bidiyo waɗanda ba sa gudu da baki, Oga Chukwuma zai sauke mata a Funtua. Ya ce kuma in tambaye ka wace hanya kake ganin ta dace da mai son kai hari irinta, da abin da za ta riƙa yi wa masu farawa da sojan gaban sarauniya, don nan ta fi rauni. Ya ce kai ka fi shi sanin wannan, kada kanka ya kumbura. Amma duk wannan ba zai shiga kunnenta ba sai ka fara da wasan da ke kan teburin yayanka. Ka yaye ɗankwalin nan. Ita za ta zauna a mazaunin babanta, Aƙilu zai riƙa kai ta surin a babur tana aiko maka. Kuma don Allah kada ka tausaya mata. In kuskure ne, ka cinye dokin, ka nuna mata dalili, sannan ka koya mata wata hanyar. Yayanka bai taɓa bari an ci shi don tausayi ba, ba zai so a bar masa don ya mutu ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci, hoton da ka aiko duk wuya ne. Aƙilu yana gaisuwa, ya ce hular angonci daga wurinka yake jira. Goggo Mero ta Funtua da Aisha Humaira suna gaida Barakatu. Ka shafa mini kan Talha, ka ce masa matarsa ta Ƙarfi tana nan tana jiransa. Raudatu ba ta san na rubuto ba, na dai sa ta faɗa mini sunan guraben, na maimaita har na riƙe, na kuma je na tsaya gaban allon na tabbatar da idona.

Ga saƙon da bai kai suri ba. Farin doki ya tashi daga f3, ya sauka a h4. Yayanka ya ce ba za ka ci abinci da daɗi ba. Allah Ya jiƙansa, ya taka nasa. Saura kai.

Wassalam. Ni ce matar yayanka,
Ummukulsum.